Fulawar daji da na dasa a gida sai rawaya take yi

Tambaya: Salam malam, na tono wata fulawar daji na dasa a roba na ajiye a falo, safe da yamma ina ba ta ruwa har takin zamani na zuba mata, amma ganyen sai rawaya yake yana zubewa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa. Gaskiya gata ne ya yi mata yawa. Ita fa can daji ƙasa mara taki ta sani da rana tsagwaronta, ruwa sai in hadari ya haɗo, ke kuma kin kawo ta inuwa kina ta ɗura mata, alhali saiwa ita ma numfashi take yi, in ƙasa ta kwana ta wuni jagab iska ba ta shiga sai saiwar ta ruɓe ganye ya yi rawaya, shikenan ki zata ƙishi ne ki ƙara wani ruwan.

Zaro ta a hankali ki duba. Saiwa mai lafiya fara ce da ƙwari, in kika ga baƙa mai laushi tana wari ki datse wurin. Ki sake ƙasa, kashi 2 ƙasa kashi 1 yashi mai gwari-gwari, kuma dole robar ta zama da huji a gindi, ni dai na fi son tukunyar ƙasa don ta fi saurin tsanewa. Tsakuwar nan da ake jerawa a gindin tukunya kuwa ba ta maye gurbin huji, kar ki wahalar da kanki.

Ruwa sai kin tura yatsa kamar santimita 3 kin ji a bushe, sannan ki zuba har ya ɗigo ta ƙasa. Takin ki dakatar da shi, sinadarin naitirojin da ke cikin taki in ya yi yawa ganye zai yi ta yi ba fure. Rana aƙalla awa 6 in a fili kika same ta, amma fara da hantsi tukuna tunda ta jigata, in kuwa ƙarƙashin bishiya ta fito to inuwa-inuwa take so.

Sannan furannin daji da yawansu shekara ɗaya ce rayuwarsu, suna yin iri su bushe komai kulawarki. In hakan ta faru ki bari irin ya ƙosa, ki adana a takarda ba a leda ba saboda danshi, ki shuka kai tsaye a tukunyar, ya fi tonowa kamawa don wurin tono ne doguwar saiwar ke tsinkewa.