Faifan ƙashin baya ya danne jijiya: sai an yi tiyata?

Ka ce hoton MRI ya nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan can ƙasan baya, L5 da S1, ya turo, ciwon yana sauka daga ƙugu har tafin ƙafa, kana tambaya ko tiyata ta zama dole. Galibi a'a. Yawancin masu wannan lalura suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12, domin kumburin da ke kewaye da jijiyar yana sacewa, jiki kuma yakan shanye abin da ya turo.

Kada ka kwanta fiye da kwana biyu, kwanciya tana sandarar da baya. Ka riƙa tattaki na minti 10, sau uku a rana. Dogon zama yana ƙara wa faifan nauyi, saboda haka ka miƙe duk bayan rabin awa. Da dare ka kwanta a gefe, matashi tsakanin gwiwoyi. Ibuprofen yana rage kumburi, amma ba na mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba ne.

In fitsari ya ƙi fita ko ya kufce maka, tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta yi rauni har ka fara jan ta a ƙasa, tafi asibiti a ranar, kada ka jira gobe.