Kukan pon ɗin baya a tsohuwar Peugeot 504

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubuto maka. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar min Peugeot 504 kufe mai ƙofa biyu, sai Juma'a ko biki nake fitar da ita. Tun da na je Marwa na dawo cikin damina take wani kuka daga baya, in na taka totur ya ƙaru in na ɗaga ƙafa ya lafa, ga mai yana ɗiga. Wani bakanike ya ce a sauke pon ɗin, wato akwatin haƙoran da ke raba gudu ga tayoyin baya, gaba ɗaya a sa na hannu. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya gafarta wa Baba. Kar ka bari a sauke komai tukuna. Wannan mota ba irin ta haya ba ce, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, an fara ta 1969 aka daina 1983, kuma bayanta daban yake da na 504 famiyal (doguwar nan ta iyali) ko fikof da suka cika hanyoyinmu. Waɗancan pon ɗinsu sanda ɗaya ce daga taya zuwa taya, ita kuwa taka akwatin pon ɗin yana ɗaure a tsakiya, kardan biyu, wato sanduna masu juyawa, suna kai gudu ga kowace taya, saboda haka ba kowane na hannu ne zai shiga ba, kuma wanda za a sayo maka ma ba ka san wahalar da ya sha ba.

Fara da kunne. Kukan da ke tashi in ka taka totur ya mutu in ka ɗaga ƙafa, yawanci haƙoran ciki ne, ƙaramin ƙarfe mai haƙora (fiyon) da babban da yake juyawa (kuron) sun ci juna ko sun rasa mai. In kuwa sai ka saki totur a gangara yake kuka, a duba rulman ɗin fiyon, wato boris ɗinsa. Gurnani mai ƙaruwa in ka karya kwana ta gefe ɗaya, wannan rulman ɗin taya ne, aiki mai sauƙi. Ƙwas-ƙwas lokacin tashi ko juya baya kuma kardan ne, ka leƙa robar da ke rufe gaɓarsa ko ta yage ƙasa ta shiga.

Amma abin da na fi zargi a naka shi ne ruwa, tunda ka ce damina ce. Pon yana da ɗan ƙaramin hanci a sama da yake numfashi ta nan, in ya yi zafi da doguwar tafiya sannan ka tsoma shi cikin mayo (rafi) ko kududdufi sai ya huce nan take ya zuƙo ruwa ciki, man ya lalace, haƙora su fara cin juna a bushe kai ba ka sani ba. In kuma laka ko ƙurar hunturu ta toshe hancin, zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 sai ya kumbura iskar ciki ta turo mai ta juwan, wato robar da ke tare mai, ɗigar da kake gani ke nan. Mutane su yi ta canza juwan ba su taɓa wanke hancin ba, wallahi abin yana damuna, don aikin minti kaɗan ne.

To ka kai ta gareji ka tsaya a kai. A fara kwance murfin zuba mai na gefe kafin na ƙasa, man ya kamata ya kai bakin ramin. A zubar da shi cikin tasa mai tsabta ka duba da idonka: in ya yi fari-fari kamar kunu ruwa ya shiga, in ɗan garin ƙarfe ne mai laushi ba komai tsufa ne, in akwai ɓarɓashi da kake ji a yatsa to nan ne za a buɗe. A zuba man pon 80W-90 GL-5, ban da baƙin man inji, kuma kar wanda ya cusa maka giris don kukan ya yi shiru, ɓoye ciwo ne kawai. Ka yi ɗan yawo ka saurara.

In kukan bai tafi ba dole a buɗe, fiyon da kuron tare ake canza su don tare aka daidaita su tun daga kamfani, kuma ka nemi tsohon bakanike da ya yi zamanin 504, wanda zai auna ratar haƙora da ma'auni ba da ƙiyasi ba. Kafin nan ka haƙura da doguwar tafiya irin ta hanyar Mora zuwa Kuseri, pon in ya cije kana cikin gudu tayoyin baya ne suke tsayawa cak.

Tayoyin bayan su zama girma ɗaya da iska ɗaya, in sun bambanta ƙananan haƙoran ciki ba sa hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya. Kuma duk ranar da ka ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, ka sa a duba man a satin, kar ka jira lokacin bidanj, wato canjin mai.