Tambaya da Amsa: Injin wanke kwanukana yana wari

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ɗana ya saya mini injin wanke kwanuka, kuma ya yi mini aiki lafiya lau har zuwa daminar bana, lokacin da wani wari kamar na kwata ya fara tasowa duk sa'ad da na buɗe ƙofarsa. Na ƙara yawan sabulu, na kuma saka ɓawon lemun tsami a ciki, amma warin yana dawowa. Shin injin ne ya lalace? Daga wata Hajiya a Madina, Accra.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Da wuya a ce injinki ya lalace, domin yawancin irin wannan wari daga ragowar abinci da maiƙon da suka maƙale a ciki yake fitowa, kuma zafi da raɓar iskar Accra suna sa su ruɓe da sauri. Ɓawon lemun tsami yana rufe warin ne kawai na ɗan lokaci, yawan sabulu kuwa yana barin dauɗar kansa.

Ki fara da matatar da ke ƙasan injin, wadda mutane da yawa ba su ma san ana cire ta ba. Idan kika zaro ragar kwanuka ta ƙasa za ki gan ta a tsakiya. Ki murɗa ta ki fito da ita, ki wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushin goge haƙora. A nan ne ƙayar kifi, da ƙwayar shinkafar waakye, da gutsuren banku ko tuwon zafi suke taruwa. Manja da shito, wato soyayyen yaji mai maiƙo, sun fi komai laifi a wannan matsala, saboda maiƙonsu yana daskarewa a jikin matatar idan ruwan wankin bai yi zafi sosai ba, shirin da ke rage cin wuta kuwa ba ya kai ruwa ga zafin da zai narkar da shi gaba ɗaya. A gidan da ake girki da manja kullum, ina ganin wanke matatar sau ɗaya a mako bai yi yawa ba, kuma ya kamata a riƙa kankare kwano kafin a saka shi.

Bayan haka ki goge robar bakin ƙofa da tsumma, musamman ta ƙasa inda ruwan wanki ba ya kaiwa, sannan ki tsokale ramukan hannayen da ke fesa ruwa da tsinken sakace.

Idan kin gama, ki zuba farin ruwan khal (wato binega) a kofi, ki ajiye shi a tsaye a ragar sama, ki kunna injin babu kwano ko ɗaya a kan shirin da ya fi zafi, wanda a yawancin injuna yakan kai digiri 65 zuwa 70. Kada ki kuskura ki haɗa khal da ruwan bilic, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai cutar da huhu, bilic ɗin kuma shi kaɗai ma yana ɓata ƙarfen cikin injin.

Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wanki, ruwan datti yakan tsaya a ƙasa, saboda haka da zarar ta dawo ki sake kunna injin ya zuƙe shi. Ki riƙa barin ƙofar a ɗan buɗe bayan kowane wanki don cikin ya bushe. In kuwa kin yi duk wannan amma kina tarar da ruwa mai wari ya taru a ƙasa alhali ba ki kunna injin ba, to ruwan wurin wanke-wanke ne yake komowa ta tiyon fitar da ruwa. Ki kira mai gyaran famfo ya ɗaga tsakiyar tiyon ya ɗaure shi a can sama ƙarƙashin kantar kicin, ya kuma duba ko ya lanƙwashe ko ya toshe.