Tattabarun banza a saman sito

Tambaya: Ina da siton kayan abinci da ɗan gidan cin abinci a gefensa. Tattabarun gari sun yi sansani a rufina. Ina so in kafa musu akurki a can, in riƙa sayar da 'ya'yan, tunda ba sai na sa jari ba. Ya ka gani?

Malam, "ba sai na sa jari ba" ɗin nan ita ce matsalarka. Ka sa jari mana, sitonka kaf ka ɗora a kai. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tattabarar gari a juji da bakin kwata take kiwo. A hanjinta akan samu bakteriya, wato ƙwayoyin cuta, irin su Salmonella da Campylobacter da wasu nau'in E. coli, kuma sau da yawa ita garau take, tana ta kukanta. A kashinta suke fita. Ya bushe ya zama ƙura ya sauka kan buhunanka, Salmonella kuwa tana iya yin watanni a busasshen kashi ba ta mutu ba.

Na san wani mai gidan abinci da murfin tankin ruwansa ya tsage, tattabaru na kwana a kai. Gudawa da murɗar ciki suka kama masu cinikinsa. Campylobacter kan yi kwana 2 zuwa 5 kafin ta nuna, shi ya sa ya yi ta rantsuwa ba daga wajensa ba ne. Masu duba tsafta suka hau rufin, suka leƙa tankin, suka garƙame wurin. Da aka buɗe, kujerun nan haka suka yi ta zama wayam.

Yi lissafi. Ƙwai 2 take sakawa, ta kwanta kwana 18, ka jira wajen wata guda kafin ɗan ya kai sayarwa. Nawa ke nan? Ka auna shi da cinikin sati ɗaya idan aka rufe ka. Birnin Venis na ƙasar Italiya ma, da masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗin hatsi don ciyar da tattabaru, ya hana ciyar da su a 2008.

Ka toshe kafofin rufin da raga, ka rufe tanki, ka daina barin zubabben hatsi a ƙofa. Kashin kuma kada yaranka su share shi a bushe; a jiƙa, a rufe hanci, a kwashe. In kiwon kake so da gaske, sayi iri daga mai kiwo, ka kai su nesa da sito, ka buɗe musu littafinsu daban.