Amsa: Jibin Ubangiji alhali kuna gaba da yayanki

'Yar'uwa, kin ce za ki je gida Zuru Kirsimeti, kin ɗinka ankon zumuntar mata, amma ke da yayanki ba kwa ga-maciji saboda gonar gado. Kina tambaya ko ya dace ki ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci don tunawa da mutuwar Yesu, a haka.

Ki buɗe Matiyu 5:23-24. Yesu ya ce in an kawo baiko, wato kyautar da ake miƙa wa Allah, gaban bagade, aka tuna ɗan'uwa na riƙe da mutum a zuciya, a ajiye baikon a je a shirya tukuna. Bai ce a jira mai laifi ya fara zuwa ba, nan ne abin ke da nauyi. Allah kam ya yi alkawarin gafarta wa duk wanda ya furta zunubinsa, 1 Yohanna 1:9, don haka kada ki ɗauka ya rufe miki ƙofa.

Yafewa ba sallama masa gonar ba ne. Wannan magana ta kawunnai ce, a bar ta sai bayan biki.

Ki isa gida kafin 24 ga Disamba, tun baƙi ba su cika ba, ki kai masa gaisuwa da sassafe. In kina fargaba, ki tafi da matar fasto. Ko ya ƙi amsawa, kin yi iyakar naki, ki ci jibin.