Tsakanin Sephiroth da Kefka, wa ya fi ƙarfi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Sephiroth, mugun da ke cikin wasan bidiyo na Final Fantasy VII, ya fi Kefka na Final Fantasy VI ƙarfi da mugunta. A ganina Kefka ne kan gaba, matuƙar abin da mugu ya cim ma za a duba, ba kwarjininsa ba.

A wasan Final Fantasy VI da ya fito a 1994, Kefka ya fara ne a matsayin hafsa mai shigar wawan sarki a fadar Sarki Gestahl. Ya zuba guba a ruwan da mutanen masarautar Doma suke sha, duk da Janar Leo ya hana shi, har matar Cyan, wani jarumin Doma, da ɗansa suka mutu. Daga baya Kefka ya hallaka ubangidansa Gestahl, ya gusar da gumaka uku masu riƙe da daidaiton sihiri, ƙasa ta tsattsage, sai mai wasa ya ƙarasa labarin a cikin kufai, shi kuwa yana bisa hasumiyarsa yana ƙone duk garin da ya bijire masa.

Sephiroth, wanda ya bayyana a 1997, ya ƙone garin Nibelheim, ya soke Aerith, ɗaya daga cikin jaruman wasan, da dogon takobinsa tana tsakiyar addu'a, sannan ya kirawo Meteor, wani ƙaton dutse daga sararin samaniya, domin ya raunata duniya ya zuƙe ruhinta, amma an karya shi kafin burinsa ya cika.

Ta fuskar hali kuwa, Sephiroth ya fi taɓa zuciyata, domin gwarzon soja ne da ya kauce hanya bayan ya karanta bayanan gwajin da aka yi da ƙwayoyin jikin Jenova, wata halitta da ta zo daga sararin samaniya. Kefka ma gwajin sihiri ne ya taɓa hankalinsa, sai dai shi ba ya neman komai illa ya ga kowa ya yanke ƙauna.