Kuɗin mai daban, kuɗin mota daban

Wasiƙa ta farko a wannan makon daga Gwammaja ta fito. Mai tambayar yana aiki da wani ɗan kasuwa mai rarraba kayan masarufi a kasuwar Singa, kuma sau biyu a wata yakan je Katsina karɓo kuɗi da Corolla tasa ta kansa. Ya ce: "Maigida yana ba ni naira 35,000 na sha mai, wani lokacin ma har canji ya rage. Amma kullum ni ne a gareji. Shin ƙwaruwa ake yi mini, ko ni ne mai ƙorafi?"

Malam, ba ƙorafi kake ba, kuma ba lallai ne maigidanka ya yi niyyar cutarka ba. Yawancin iyayen gida abin da idonsu ya gani suke biya, shi kuwa mai ana ganinsa a jikin famfo, ana ba da rasit. Taya ba ta ba da rasit duk lokacin da ta ci kwalta. Shiru take ƙarewa, sai ranar da mai faci ya kalle ka ya ce wannan ta wuce faci. A ranar nan maigida yana shagonsa, kai ne a Kofar Ruwa kana taya sabuwa.

Mu yi lissafi a fili. Alƙaluman da zan kawo misali ne, ka cire su ka sa naka, domin farashi a Kano ba ya kwana wuri ɗaya.

Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne. Zuwa da dawowa 340, ga zirga-zirgar cikin gari, mu ce 370. Corolla mai shekaru, da sanyi a kunne, da wuya ta ba ka fiye da kilomita 10 a kowace lita. Lita 37 ke nan. A ce lita naira 900 ce, ka sha na 33,300. Ga inda canjin nan da kake murna da shi ya fito. Wato mai kaɗai yana cin naira 90 a kowace kilomita.

Yanzu sauran. Juyen baƙin mai da filta duk kilomita 5,000, a ce 35,000: naira 7 a kilomita. Taya huɗu a ce 240,000, in sun yi maka kilomita 40,000 ka gode Allah: naira 6. Birki, shokozoba, fulogi, batir da kuɗin hannun makanike, a ce 300,000 a shekarar da ka yi tafiyar kilomita 20,000: naira 15. Inshora da sabunta takardu, naira 2. Sai babban, wanda ba a son magana a kansa, wato tsufan motar. In mota ta miliyan 9 za ta zubar da rabin darajarta bayan kilomita 150,000, kowace kilomita ta ɗauke maka naira 30.

Na san abin da za ka ce, don an sha faɗa mini: "Ai motata ma kuɗi ta ƙara, na saye ta miliyan 4, yanzu ana taya ta 7." Ba motar ce ta yi daraja ba, naira ce ta faɗi. Je ka wajen dillalai ka tambayi kuɗin irinta 'yar Beljiyam da ba ta sha hanya ba, sannan ka ga nawa za ka cika kafin ka maye gurbin taka. Wannan cikon shi ne tsufan da nake nufi.

Haɗa duka: naira 150 a kilomita. Tafiyar Katsina ɗaya ta tashi 55,500. Ana ba ka 35,000. Kusan 20,000 kake cikawa daga aljihunka a kowace tafiya, a shekara ya doshi rabin miliyan. Sadaka ce kake yi wa wanda ya fi ka kuɗi, shi ma bai san kana yi ba.

Wannan ba lissafin da na ƙirƙira ba ne. A Ingila, a 2025, ƙa'idar hukumar haraji ga ma'aikacin da ke aiki da motarsa ita ce fenis 45 a kowace mil ga mil 10,000 na farko a shekara, sannan 25 bayan haka. A Amurka an sa santi 70 a mil a 2025. Duk biyun sun zarce kuɗin mai nesa, saboda an haɗa gyara da inshora da tsufa a ciki. Ba ina cewa ka kai wa maigida lissafin fam da dala ba, zai yi maka dariya kuma da gaskiyarsa. Tsarin za ka ɗauka: a biya a kan kilomita.

Amma akwai abin da ya bambanta mu da su. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000 a 2024. Duk wanda ya yi yarjejeniyar kuɗi tsayayye kafin lokacin ya ji a jikinsa. Saboda haka ka raba naka kashi biyu. Kashin mai ya bi farashin famfo na ranar tafiya, kashin gyara da tsufa (naira 60 a misalinmu) a duba shi duk bayan wata shida.

Yadda za ka tunkare shi kuwa, kada ka je da fushi, kuma kada ka je ranar da kaya suka iso shago ya cika. Yi wata ɗaya kana ɗaukar hoton lambar kilomita ta gaban mota lokacin tashi da lokacin dawowa, ka ajiye rasit na gareji. Sannan ka same shi bayan la'asar ka ce, "Alhaji, ga abin da tafiyar nan ke ci, a duba mini." Ɗan kasuwar Singa ya fi kowa gane lissafi in an shimfiɗa masa a takarda. In ya yi gardama, roƙe shi ya tambayi nawa ake ɗaukar shatar mota zuwa Katsina, ta jira, ta dawo. Amsar da zai samu za ta yi maka rabin aikin. Abu ɗaya da za ka cire tun da wuri: tafiyarka daga Gwammaja zuwa shago kullum ba ta ciki. Wannan naka ne, kamar yadda wanda ke hawa adaidaita sahu yake biyan nasa. In ka cusa ta, ka ba shi hujjar watsi da sauran.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Hotoro, ma'aikaciyar wata ƙungiya mai zaman kanta. An ba ta zaɓi: ko alawus na naira 60,000 duk wata, ko a biya ta gwargwadon tafiya.

Hajiya, raba 60,000 da kuɗin kilomitarki. In 150 ne, kilomita 400 ke nan. In aikinki bai wuce tsakanin Hotoro, Nassarawa da Zoo Road ba, karɓi alawus ɗin ki huta da cike takardu. In kuwa ana tura ki Wudil yau, Bichi gobe, Rano jibi, sati biyu za ki cinye shi. Ni dai in zuciyata na raba biyu, na kan kilomita nake ɗauka, domin alawus tsayayye yana sa ofis ya daina tunani kafin ya ce "Hajiya ai tana da mota, ta je."

Na uku ya fi ba ni tausayi. Matashi ne daga Sharaɗa, yana kan hanyar Zariya a kan aikin ofis sai ya daki bayan wata mota. Gaban tasa ya lotse, ofis ya ce ba ruwansa.

Ɗan'uwa, Allah Ya kiyaye gaba. Inshorar nan ta dole da yawancinmu ke yanka, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar naira 15,000 a Janairun 2023, motar wanda ka buga take biya, har zuwa naira miliyan 3 na ɓarnar dukiya. Taka ba ta ciki. Don haka fara da duba cewa takardarka ta gaske ce, ba irin wadda ake bugawa a gindin bishiya ba, ka kai wa kamfanin rahoto da wuri, su ji da wancan ɓangaren. Gyaran taka kuwa, in babu rubutacciyar yarjejeniya, roƙo ne za ka yi, kuma ka yi shi a rubuce ka haɗa takardar da ta nuna su suka aike ka. Ofisoshi da dama sukan ba da wani abu in an bi ta wannan hanyar. Tarar KAROTA ko ta 'yan kiyaye haɗurra saboda gudu ko rashin bel, wannan kada ma ka kai musu.

Kafin ka sake tayar da motar a kan aikinsu, ka tambaye su a rubuce wa zai ɗauki gyara in hatsari ya auku, ko kuma su cika maka kuɗin cikakkiyar inshora. In sun ƙi duka biyun, tashar Unguwa Uku tana nan, motocin Zariya suna lodi tun asuba. Ka hau, ka karɓi rasit, ka miƙa wa akanta.